Ci Biyun da Abokina Ya Mayar

Ni ban taɓa iya gem ba, gara in faɗa tun da wuri. In na riƙe fad, wato ɗan abin nan mai maɓallai da ake sarrafa 'yan wasa da shi, sai yatsuna su rikice: in nufi dama ɗan wasa ya yi hagu, in nufi raga ƙwallo ta tafi wajen 'yan kallo. Abin da Allah Ya hore mini baki ne. Shekara da shekaru wurina ɗaya a gidan gem ɗin unguwarmu, ƙarshen benci kusa da ƙofa, ina sharhi, ina zuga wannan ina tsokanar wancan.

Mai gidan gem ɗin abokina ne na ƙuruciya. Iyayensa mutanen kudancin Kaduna ne, babansa malamin firamare da aiki ya kawo Suleja, suka kama haya a gidan da ke kallon namu. Tare muka yi ƙwallon tsumma a layi. Ranar Juma'a ya jira ni in dawo daga masallaci, ranar Lahadi in jira shi ya dawo daga coci, kuma in faɗan baki ya tashi ya fi ni Hausar yin sa. Da muka girma ni na samu aikin ofis a Abuja, na shiga sahun masu sammako su bi motar haya su dawo da yamma a gajiye. Shi kuwa ya kama shago a layin da ke gangarawa rafin Iku, ya sa talabijin uku da benci da fanka da ɗan janareta, ya rataya labule a ƙofa. Wasan ƙwallo aka fi yi a wurin, kuma a wasan ƙwallo ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba a garin nan.

Ba ya cikin masu yanka da gwaninta don a tafa musu. Haƙuri ne da shi kamar mai kamun kifi. Zai yi ta ba da ƙwallo gajere-gajere, daga wannan zuwa wancan, har abokin wasa ya ƙosa ya baro gidansa, sai kawai ka ga ƙwallo a raga. Ba ya ihu in ya ci, ba ya tsaki in an ci shi. Ni nake yi masa ihun, ni nake yi masa tsakin.

Akwai wata al'ada da duk wanda ya tashi a shagon nan ya sani, ita ce mayar da ci. Wutar lantarki a Suleja ba ta sallama in za ta tafi. Ana tsakiyar wasa, an ci mutum ƙwallo biyu yana gumi, sai allo ya yi baƙi ƙirin. Kafin a ja janareta na'ura ta manta da komai, ta dawo da wasa babu ci. A farkon buɗe shagon kullum sai an yi faɗa a kan haka: wanda ake ci ya ce Allah ne Ya raba gardama, a fara sabo, wanda ke ci ya ce sai dai a yi wadda za a yi. Har fad aka taɓa fasawa a bango. Sai wata rana wani saurayi yana cin abokina ƙwallo ɗaya wuta ta tafi. Da ta dawo aka sa ƙwallo a tsakiya, abokina ya juya da ɗan wasansa baya ya zuba ta a ragarsa, ya ce, “Ga cinka, mu ci gaba.” Daga ranar abin ya zauna. Lokacin da ya wuce an yafe shi, agogo ya fara daga farko, amma ci ba a yafe shi, kuma wanda ake ci shi zai mayar da hannunsa. Ba a tambaya, ba a jiran a roƙa. Na sha ganin mutum yana hira da na kusa da shi yana zuba wa kansa ƙwallo uku, ko allon bai kalla sosai ba.

Sai waya ta zo ta kwashe mana yara. Da farko benci ɗaya ne ya daina cika, sai na biyu. Yaron da a da sai uwarsa ta zo da bulala ta fitar da shi daga shago, yanzu yana kwance a ɗaki da abu a kunne yana harbe-harbe da wasu a Legas, wasu ma a ƙasashen da bai san inda suke ba. In sun haɗu a bakin layi zancen data ake yi da inda sabis ya fi ƙarfi. Ɗana na fari ma haka yake. Na taɓa ce masa ya zo mu je shagon Ankul, yadda suke kiran abokina, ya dube ni kamar na ce mu tafi Minna a ƙafa.

Matar abokina malamar asibiti ce, mace mai haƙuri wadda ba ta son dogon zance. Yayanta yana da shagon tayil ɗin daɓen ɗaki a Maje, inda gonaki ke ta komawa gidaje, kuma ya daɗe yana neman amintaccen da zai riƙe masa wurin. Duk Kirsimeti sai an ta da maganar, duk Kirsimeti abokina ya ce a bari ya ga kamun shekara. Ya doshi arba'in, ga 'ya'ya a makaranta, ga shago ba kowa. Kowa ya san inda maganar za ta ƙare, shi ma ya sani, ranar ce kawai ba ya son ya sa.

Ana haka sai labari ya zo cewa za a yi babban taron masu gem a wani ɗakin taro da ke bakin titi wajen Dutsen Zuma. Za a baje sababbin wasanni, za a yi gasa iri-iri, kuma wanda ya zo na ɗaya a gasar ƙwallo wata ƙungiya ta Legas za ta ɗauke shi ya riƙa buga mata, gem ya zama aikinsa ke nan. Ni dariya na yi da na ji wai ana ɗaukar mutum aiki don ya buga gem. Shi bai yi dariya ba. Da yamma na je gidansu, matarsa tana tsince shinkafa a tsakar gida, sai ya ce mata a gabana:

“Zan shiga gasar nan. In na ci, kin ga hanya ta buɗe. In ban ci ba, ki gaya wa Yaya ya ba ni makullin shagon Maje.”

Ta ɗago ta dube shi, ta dube ni. “Alhaji, ka ji da kunnenka. Kai ne shaida.”

Ban je Makka ba, son babbar riga ne ya jawo mini sunan tun ina saurayi. Na ce na ji, amma raina bai so ba, don na san shi: in ya faɗi abu a gaban mutum biyu, ya faɗa ke nan.

Ranar Asabar da hantsi muka hau keke mai ƙafa uku, shi da tsohon fad ɗinsa a jakar leda. Tun daga bakin ƙofa na san mun shigo wata duniya. Motocin Abuja sun cika fili har bakin titi, masu gasa masara da masu sayar da doya na gefen hanya sun bar sana'a suna kallo. Abin kallon kuwa akwai shi. Samari da 'yan mata sun yi shigar mutanen cikin wasanni: wani da takobin soso da ya fi shi tsawo, wata da gashi shuɗi har gadon baya, wani ya rufe jikinsa ruf da sulken kwali da ya yi wa fentin azurfa, yana takawa da kyar cikin zafin nan. Na tambaye shi wa ya haɗa masa, ya ce shi ya yi da kansa. Na so in yi masa tsiya, amma da na duba aikin da kyau sai na fasa.

A ciki rumfuna ne jere, ga kiɗa ga fitilu. A wata rumfa aka ɗaura mini wani tabarau mai kauri da ya rufe mini ido gaba ɗaya. Nan take na ga kaina a kan siririn katako a saman wani dogon bene, ƙasa ko ganuwa ba ta yi. Na san a ɗaki nake tsaye, na san abokina na riƙe da gefen rigata, amma idona ya ƙi yarda. Salati na yi da ƙarfi na durƙusa. Da aka cire mini abin na tarar mutane sun kewaye ni suna dariya, ni ma na taya su.

Amma rumfar da ta fi tsaya mini a rai ƙarama ce, a lungu, tebur ɗaya da wayoyi a kai. Wasu matasa ne daga Kaduna suka ƙirƙiro wasan waya da kansu. Kai ne direban keke, kana ratsa kasuwa, kana kauce wa rami da akuya da mai turin baro, fasinja na baya tana yi maka masifa da Hausa: “Malam, kai da wa kake tsere?” Duk shekarun da na yi ina kallon gem, titunan wasu ƙasashe nake gani. Ranar na ga kwata irin tamu a allo, da teburin mai shayi, da tallan maganin basir a bango. Wallahi sai da ƙwalla ta taru mini, a kan akuya da kwata. Na ce wa budurwar da ke tsaye a wurin, “Ku kuka yi wannan? A nan ƙasar?” Ta ce, “A ɗakin yayana, Baba, in akwai wuta.”

Can gaba wasu kowa ya kafa waya a gabansa yana buga wasa yana surutu shi kaɗai, ashe jama'a ce ke kallonsu daga gida. Na ce wa abokina, “Ka ga sana'ata can. Ashe surutu ma aiki ne, ni na yi sammakon zuwa duniya.” Ya yi murmushi, amma hankalinsa na wajen wani mai jawabi da ke bayani, rabi Turanci rabi Hausa, cewa gem ya bar shago ya koma aljihu, nan gaba waya da sabis mai kyau sun wadatar. Ya saurare shi har ƙarshe, ya gyaɗa kai ya ce, “Gaskiya ya faɗa.”

A gasar ƙwallo shi ne mafi tsufa. Mai karɓar 'yan gasa ma ta ɗauka ɗansa ya rako, ta tambaye shi ina yaron. Abokin karawarsa na farko, wani ɗan gayu da sarƙa a wuya, ya dube shi ya dubi tsohon fad ɗin ya ce, “Daddy, you sure say you wan do this thing?” Abokina ya ce, “Mu gwada, ɗana.” Kafin hutun rabin lokaci ɗan gayun ya daina wasa da sarƙarsa.

Nan ba kamar shagonmu ba ne. 'Yan wasa suna sa wani babban abin ji a kunne mai toshe duk wata hayaniya, su zauna gefe da gefe, ga alƙali tsaye a bayansu. Yaran nan sun iya, kada in rage musu. Suna wasu juye-juye da ƙwallo da ban taɓa gani ba, sun koyo a bidiyo wajen gwanayen duniya. Sai dai ba su saba da mutumin da ba ya gaggawa ba, haka ya yi ta cin su ɗaya bayan ɗaya. Zuwa la'asar an daina ce masa Daddy da tsiya, an koma faɗa da girmamawa. 'Yan Suleja da ke wurin, waɗanda wasunsu a shagonsa suka koyi riƙe fad kafin waya ta ɗauke su, suka taru a bayana. Na fita na yi salla na dawo na tarar ya kai wasan ƙarshe.

Wadda za su kara da ita wata ɗaliba ce daga Minna, siririya, da hijabi ruwan toka da tabarau. Na kalli wasanta kafin nan, kuma tun a lokacin na san akwai aiki. Ita ma ba ta ihu. Tana da saurin yaran nan duka, ta kuma haɗa da haƙuri irin nasa. Aka haska wasan a babban allo, kowa ya bar rumfarsa ya zo.

Ba a daɗe da farawa ba ta zura masa ɗaya. Kafin ya farfaɗo ta ƙara ta biyu, wata irin ƙwallo daga nesa da ta sa ɗakin ya ɗauki ihu. Na dafe kai, Maje kawai nake gani. Ana dab da hutun rabin lokaci, ɗif, wuta ta ɗauke. Babban allo ya mutu, fitilu suka mutu, sai hasken wayoyi. Mutanen Abuja suka yi ta tsaki, mu 'yan gida ko a jikinmu. Ba a jima ba babban janareta ya tashi, na'urori suka dawo, wasan kuwa ya tafi.

Alƙalai suka haɗa kai, sannan babbansu ya sanar ta lasifika: bisa dokar gasa, wasan da ya katse kafin hutun rabin lokaci sabo ake farawa, babu ci. Na yi tsalle da babbar rigata, na rungume wani da ban sani ba, na ce, “Yau wuta ta yi mana rana!” Ɗalibar ta ji sanarwar, don ta zare abin kunnenta, ta ɗan cije leɓe, ta gyara tabarau. Abokina kuwa bai cire nasa ba. Yana zaune yadda yake, ido a kan allo, yana jira kamar yadda ya saba jira a shago. Bai ji komai ba.

Aka sake sa ƙwallo a tsakiya, shi ne da farawa. Ya taɓa ta, ya juya baya. Na ɗauka dabara ce. Ya ba ɗan baya, ɗan bayan ya juya ya fuskanci golansu. A nan na gane. Na ƙwala masa kira har muryata ta fashe, amma ina. Ƙwallo ta shige ragarsa.

Wasu a ɗakin suka fashe da dariya. Na ji wani a gefena yana cewa, “Wetin this man dey do?” A 'yan Suleja da ke bayana ba wanda ya yi dariya. Ɗaya daga cikinsu ya ce a hankali, “Mayar da ci yake yi.”

Ɗalibar ta tsayar da wasan, ta cire abin kunnenta, ta ƙwanƙwasa hannun kujerarsa har ya cire nasa. Ina kusa, na ji komai.

“Baba, raina ni ka yi ne?” Ta ɗauka tausayinta ya ji don tana mace.

Ya dube ta da mamaki. “Raini kuma? Cinki nake mayar miki. Biyu kika ci ni kafin wuta ta tafi, saura ɗaya.”

Alƙali ya sunkuyo ya yi masa bayani: wancan wasan an shafe shi, babu ci ake farawa. Na ga lokacin da maganar ta shige shi. Ya dubi allo, ɗaya da babu, ya dubi hannunsa. Ɗalibar ta fahimci abin da ya faru, fuskarta ta saki. Ta ce, “Ai kuskure ne, Baba, ba ka ji sanarwa ba. Bari in zuba ɗaya a tawa ragar mu koma daidai.” Alƙalin ya ce in sun yarda ma a sake farawa, shi ba zai hana ba.

Ba wanda zai zarge shi da ya amince. Doka ta ba shi, alƙali ya ba shi, ita kanta mai cin ta ba shi. Ya waiwayo ya neme ni a cikin mutane. Na haɗa hannu biyu ina roƙonsa, ina motsa baki ba sauti: Maje, Maje. Ya gan ni sarai. Ya daɗe yana kallona, har na sa rai.

Sai ya juya wajenta ya ce, “'Yata, ƙwallon nan ta biyu, wuta ce ta ci miki ko ke kika ci?”

Ta ce, “Ni na ci.”

“To ki bar ni in ƙarasa. In kika zuba a taki zan sake zubawa a tawa, sai mu kwana a nan.”

Ta dube shi, sannan ta ce, “Ba zan raga maka ba fa.”

“In kika raga mini, a nan ne za mu ɓata.”

Ya mayar da abin kunnensa. Aka sa ƙwallo a tsakiya, ya juya baya a gaban ɗaki cike da mutane, ya zuba ta biyu. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ni kuwa zama na yi daɓas, ina zaginsa a zuci da duk zagin da ya koya mini muna yara.

Abin da ya biyo baya shi ne wasa mafi kyau da na taɓa gani, a allo ko a fili. Ban yi sharhi ko ɗaya ba, ni da ba a raba ni da surutu. Ya riƙe ƙwallo ya hana ta taɓawa, yana ja yana saki, har sai da ta fito, ya farke ɗaya kafin hutu. Ɗakin ya koma bayansa gaba ɗaya. Mutanen da ɗazu ke tambayar me mutumin nan yake yi, yanzu suna dukan kujeru suna kiran Daddy. Bayan hutu ta matsa masa lamba, golansa ya ture wasu da ban san yadda aka yi ba. Sannan ya samu kwana, ya aiko ta a hankali kamar mai miƙa kofin shayi, aka sa kai, biyu da biyu. Na tashi tsaye ban san na tashi ba. Ita kuma ta cika alkawari, ba ta raga ba. Saura ƙiris a tashi, ya tura mutanensa gaba yana neman ta uku, ta ƙwace ƙwallo a tsakiya, ta ruga, ta yanke gola, ta gangara da ita cikin raga. Uku da biyu aka tashi.

A wasan da doka ta sani, shi ya ci biyu ita ta ci ɗaya. Sauran biyun da hannunsa ya ba ta.

Da aka kira ta karɓar kofi, sai da ta fara zuwa gabansa ta rusuna ta gaishe shi yadda ake gaida uba. Mutanen ƙungiyar Legas ma suka zo suka yi masa hannu, suka yaba, suka ɗauki hoto da shi, sannan suka ja ta gefe don yin magana. Mutum ɗaya suka zo ɗauka, kuma ta cancanta. Ko ni da haushi ya cika ban iya cewa ba ta cancanta ba.

A keke muna dawowa na sauke masa duk abin da ke cikina. Na ce wa ya aike shi. Na ce dokar shago a shago take. Na ce yana da 'ya'ya. Har mai keken ya waiwayo ya ce, “Alhaji, a yi haƙuri mana.” Shi dai yana kallon titi. Da muka iso gidansu na ba matarsa labari tun daga farko, ina yi ina haki. Ta saurara har na gama, ta ce, “To ya ci ko bai ci ba?” Na ce bai ci ba. Ta daɗe tana duban mijinta, idonta ya kawo ruwa, sannan ta ce, “Ku wanke hannu, abinci zai yi sanyi.”

Kafin wata ya ƙare ya sayar da talabijin da benci, ya mayar wa mai shago makulli. Yanzu cajin waya ake yi a wurin. Bidiyon ƙwallayen nan biyu ya ɗan yi yawo a wayoyi, sai wani abin ya fito aka manta. Ɗalibar na ji tana Legas tana buga wa ƙungiyar, kuma ana yaba mata.

Na yi makonni ban je Maje ba, fushi nake ko zuciyata ce ba za ta ɗauka ba, ban tantance ba. Ranar da na je na same shi a ƙofar shagon, tsakanin gidajen da ba a gama ba da ragowar wata gonar dawa, ana sauke kaya daga mota. Ya ɗan rame. Hannayensa sun yi fari fat, babban yatsansa na dama an naɗe shi da filasta, gefen tayil ya yanke shi. Na tsaya ina kallon yatsan nan, na kasa gaisawa da kyau.

Na ce, “Tsakani da Allah, ba ka nadama?”

Ya ajiye kwalin da ke hannunsa, ya share gumi da gefen riga. “Kullum,” in ji shi. “Duk safiya in na buɗe ƙofar nan sai na tuna Legas. Wani lokaci har in ji kamar in yi kuka.”

“To da ka bari ta zuba.”

“Alhaji, ta ci ni biyu. Ina wurin.”

Ya sunkuya ya kama gefen wani babban kwali, ya ɗago ya dube ni. “Kama mini can, wannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya.” Na naɗe hannun riga na kama, muka shiga da shi ciki.